Ni Ne Waliyyin Shamsiyya

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Lafiya lau nake. Na fara da wannan ne don duk wanda ya shigo gidan nan sai ya tambaya, kuma kafin in gama haɗa amsa ya riga ya ce "Allah Ya ƙara sauƙi" ya juya wajen matata Kubura. To ga amsar a rubuce. Hannuna yana aiki, ƙafata tana kai ni masallacin unguwa, tuwona da kaina nake ci. Abin da ya faru waccan Talatar wajen alwalar Azahar ya faru, ya wuce. Harshe kawai ya bar mini da nauyi, kamar na wani aka ara mini.

Ni Ummaru, da na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da Turanci a sakandare a nan Kankia, da nake tsayawa gaban ɗalibai da safe in yi magana ba lasifika, na layin ƙarshe ya ji ya gyara tsayuwa, yau sai na yi gumi kafin in ce "ruwa". Kalmomin suna nan a kaina tsaf, na Hausa da na Turanci, ba wadda ta ɓata. A bakin ƙofa suke cushewa.

Shamsiyya ce ta kawo mini wannan littafin. 'Yar ƙanina marigayi Ɗalha ce, a hannuna ta tashi tun tana firamare, yanzu ita ma malama ce, tana koyar da lissafi a Kusada. Ta ce in riƙa rubuta abin da nake so su karanta. Ba zan yi ba. Ni ba bebe ba ne. Littafin dai na karɓa, don takardarsa mai kyau ce.

An sa ɗaurin aurenta Asabar 30 ga wata, a ƙofar gidanmu na gado a Mawashi. Yaron sunansa Zakiyyu, mutumin Rimaye, ba shi da laifi. Ni ne waliyyi.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan La'asar

Mun je asibiti da Shamsiyya. Likitan yaro ne, sa'an ɗaliban da na yaye a ƙarshen aikina. Ya zaunar da ni ya ce in buɗe baki, in fito da harshe, in ce "rariya", in ce "tattabara". Na yi ƙoƙari. Duk wadda na yi sai ya ce "yauwa, Baba ya yi ƙoƙari" da irin muryar da ake lallashin yaro ya sha magani. Sannan ya miƙo mini kofin ruwa da tsinken roba, wai in riƙa hurawa.

Kofin ya faɗi. Ba zan ce komai kan yadda ya faɗi ba. Bangon dai da ɗan nisa daga inda nake zaune, kuma can aka tsince shi.

Likitan bai kalle ni ba. Ta saman kaina ya ce wa Shamsiyya, "Kada ki damu, frustration ne kawai. Duk masu irin wannan suna yi."

Duk masu irin wannan. Ina zaune, kunnena ras. Kalmar nan na koyar da ita tun ba a yaye shi ba, kuma ko faɗinta bai yi daidai ba, ya danna nauyin a gaɓar farko. Na buɗe baki in gyara masa, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. A mota Shamsiyya ta yi ta kallon taga har muka iso gida.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

An kwana ana ruwa. Lafiya lau nake.

Juma'a, 8 ga Agusta, kafin masallaci

Kalmar yaron nan ta ƙi barina, don haka bari in zauna da ita yadda nake zama da ita a aji.

Da nake koyarwa nakan rubuta ta a allo, in ja layi, in rubuta "takaici" a gabanta. Sai in ba da misali da manomin da ya shuka, ya yi noman fari, ruwa ya ɗauke. Yara su kwafa, su ci jarrabawa. Ban koyar da ƙarya ba. Amma yanzu da nake da lokaci na ga rigar ta ɗan yi wa kalmar yawa. Takaici yana iya zuwa bayan abu ya ƙare, kamar ɗanka ya kunyata ka a cikin mutane, an yi an gama. Haushi kuma yana da fuska, akwai wanda kake jin haushinsa. Baƙin ciki zaunar da mutum yake yi. Ita wannan ta Turawa sai abu uku sun haɗu: akwai abin da kake so, yana kusa har kana ganinsa, sannan wani abu ya gitta tsakaninku.

Rijiyar gidanmu ta Mawashi, idan bazara ta yi nisa ruwa yakan ja ƙasa. Muna yara za ka zura guga har igiya ta ƙare a hannunka, ka kwanta rub da ciki a bakin rijiya ka miƙa hannu, gugan yana lilo, saura taƙi ɗaya ya taɓa ruwa. Kana ganin fuskarka a ciki. Da rijiyar ƙafe take, da ka tashi ka tafi wata. Da ba ka jin ƙishi, da ka yi dariya. Wannan kwanciyar a bakin rijiya ita ce kalmar, kuma da yau zan shiga aji da ita zan ba da misali.

Turawa kuma ba ga abin da ke cikin zuciya kaɗai suke amfani da ita ba. Idan mutum ya tsara abu wani ya tare masa hanya har shirin ya wargaje, da ita suke faɗa. Wannan ban cika tsayawa a kansa a aji ba, don ba ya fitowa a jarrabawa.

Duk da haka ba hurumin yaron nan ba ne ya liƙa mini ita.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

'Yan dubiya tun safe. Tsofaffin ɗalibaina uku sun zo a mota ɗaya, ɗayansu har ya yi tumbi. Suka durƙusa, suka gaishe ni da ladabi, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma duk abin da na faɗa sai su ce, "Haka ne, Malam. Ƙwarai kuwa." Na lura ba sa jira in kai ƙarshe. Sai na gwada su. Na dubi mai tumbin na ce masa hularsa a karkace take. Ya shafa fuska ya ce, "Amin, Malam, amin, mun gode."

Ya fita da hularsa a karkace.

Kubura ma haka. Na ce ta buɗe taga, ta kawo mini shayi. Na sha, don ta wahala wajen dafa shi. Shekara nawa muna tare, ba ta taɓa jin kunyar ce mini miya ta fi ƙarfin kuɗin cefane ba, yau ita ce ke jin nauyin ce mini ba ta gane ba. Girmama ni suke yi, na sani. Girman ne ya kewaye ni kamar danga, ba ta inda magana za ta fita.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Azahar

Shehu ya zo daga Mawashi. Shi ne autanmu, shi ke riƙe da gida da gonaki tun rasuwar Ɗalha. Ya ba ni labarin gero ya fara fitar da kai, ya ba ni labarin tsadar taki, ya ba ni labarin katangar baya da ruwa ya zubar. Labarin auren da ya rage 'yan makonni ne kawai bai tuna ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin madafa shi da Kubura suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji ya ce zai biya wajen tela ya ga ko an gama aikin wuyan babbar rigarsa.

Shehu bai taɓa ɗinka babbar riga don auren kowa ba. A nasa ma ta Ɗalha ya ara.

A gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ke bayarwa. 'Ya'yana mata biyu Ɗalha ne ya aurar da su. Ranar ta biyun, muna naɗe tabarmi, ya ce mini yana dariya, "Yaya, na yi maka biyu. Tawa ɗaya ce tak, kai za ka ba da ita." Lokacin Shamsiyya ko wankin allo ba ta iya ba. Damina biyu bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Lafiya lau nake.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Na tsare Kubura. Na nuna mata tabarma ta zauna, na ce "Shehu", na ce "riga". Wannan karon ta gane, don ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malam, don kada ka wahala ne. An tambayi liman, ya ce ba komai, kana iya wakilta Shehu. Ko kai ka ɗaga mashi ya wadatar. Kowa ya ji nauyin faɗa maka, shi ya sa."

Ashe har liman ya sani. Mawashi ta sani, ƙila Rimaye ma ta sani, ni da ke da waliccin ne ban sani ba. An zauna an yanke, an ɗinka riga, saura a kai ni a jingina da bango in ɗaga kai. Ina da amsa mai tsawo, shiryayya, da farkonta da ƙarshenta. Na buɗe baki.

Yau buta ce ta faɗi.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan La'asar

Sodangi ya zo.

Ɗan goggona ne, taubashina, yana zaune a Bauranya da 'yan shanunsa da gonarsa. Tun muna yara kowannenmu ke cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, har yau ba a raba gardamar ba. Na ji ƙarar tsohon babur ɗinsa na gyara zama, na shirya ganin irin fuskar da kowa ke shigowa da ita. Sai na ji shi tun daga zaure.

"Ina bawan nawa? An ce mani Turancin ne ya yi maka yawa ya toshe maƙogwaro. Na daɗe ina faɗa maka ka rage."

Kubura ta ce, "Haba Sodangi." Ko kallonta bai yi ba. Ya ajiye ƙwaryar nono, ya zauna daf da ni, ya ƙura mini ido. Na ce masa abin da ya dace da shi.

Ya ce, "Mi ka ce?"

Na sake.

"Ban ji ba. Ni ba ni cewa amin ga abin da ban ji ba, kar ka je ka saida ni ina murna. Sake."

Zuciya ta kawo mini wuya. Na duba kusa da ni, Kubura ta riga ta kwashe komai. Na ja numfashi, na dafa gwiwa, na tattaro duk abin da ke jikina na tura shi waje. Ya fito a hankali, amma ya fito da ƙafafunsa: "Ba-wa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Yauwa. Wanga na ji shi. Ƙarya ce dai, amma na ji."

Tun waccan Talatar wannan ne karo na farko da na yi magana aka ba ni amsar abin da na faɗa. Na yi farin ciki, kuma ban nuna masa ba.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Na yi masa bayanin rigar Shehu. Mun daɗe, don sai da ya mayar da ni baya a kusan kowace kalma. Da ya gane sai ya ce, "To mu tai garka."

Ga yadda muke yi. Ina zama a gindin mangwaro a garkarmu ta bayan gida, shi ya zama wakilin ango. Ya durƙusa ya kashe murya ya ce yana nema wa ɗansu Zakiyyu auren Shamsiyya, ni kuma in ce na ba da auren Shamsiyya 'yar ƙanina ga Zakiyyu bisa sadakin da aka ambata. In ya ji, ya ja baya taku kaɗan mu sake. In bai ji ba, ya ce bai ji ba, ya ƙara da baƙar magana.

Dabarar tawa ce, a rubuta wannan. Yadda nake karya wa 'yan aji ɗaya doguwar kalma gaɓa-gaɓa ina buga tebur, haka nake yi wa kaina ina buga gwiwa. Likitan ma ya ce a riƙa yi a hankali, amma kowa ya iya faɗin haka.

Yau Sodangi ya kai har kunyar kuɓewa ta biyu.

Talata, 19 ga Agusta, da Magariba

"Zakiyyu" ya fita sumul. "Sadaki" ma. "Shamsiyya" tana tsayawa a tsakiya.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan La'asar

Yau ba abin da ya fita. Ko "na ba da" da na mallaka tun shekaranjiya ya koma. Na buga gwiwa har ta yi zafi. Yawu ya zubo mini a gaban riga, kuma Sodangi ya gani.

Da ya yi dariya da na jure. Sai ya matso, ya sassauta murya irin ta kowa, ya ce, "To ya isa haka yau, Ummaru. Ka huta."

Na nuna masa ƙofa. Ya tsaya yana kallona, na sake nunawa. Ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan masallaci

Bai zo ba. Lafiya lau nake.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Bai zo ba. Kubura ta ce ruwa ya cika rafin da ke hanyar Bauranya, babur ba ya wucewa. Ban tambaye ta ba.

Na je gindin mangwaro ni kaɗai. Mangwaro ba ya cewa bai ji ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Shamsiyya ta shigo ta durƙusa nesa kaɗan, tana wasa da bakin mayafi. Maganar aurenta ba ta taɓa haɗa mu ba, kuma ba ta kamata ba. Amma ta daure ta ce, "Baba, Baba Shehu ya yi mani bayani. Ni duk yadda kuka yi daidai ne. Ba na so ka sha wuya saboda ni."

Na tambaye ta ita me take so.

Ta ɗago. Na ga bakinta ya ɗauko "haka ne", sai ta haɗiye. Ta ce, "Ban gane ba, Baba. Sake faɗa." Ashe tana jin mu ta tagar baya.

Na sake, gaɓa-gaɓa. 

Ta ce, "Ina jin ku da Kawu Sodangi. Kullum 'yar ƙanina kake cewa. Tun da ya rasu ban taɓa jin ka kira sunanshi ba, sai dai marigayi. Ni kuma na fara mance yadda ake kiranshi a gida." Ta tashi da sauri ta fita.

Na zauna na duba abin da ta faɗa ta kowace fuska, ban sami inda zan ja jan biro ba. A takarda ina rubuta sunan ba wahala, ga shi nan a shafin farko. A baki kuwa, rabona da shi tun harshena yana lafiya. Kuma liman ba zai ɗaura aure da "'yar ƙanina" ba, sai an ambaci uba.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Na koma kan kalmar likita, na gano abin da ban taɓa rubutawa a allo ba. Wanda ya haƙura ba ya cikinta. Yaron da ya saki igiya ya tashi daga bakin rijiya ya huta, sai dai ƙishi. Mai ita shi ne wanda har yanzu yake kwance yana miƙa hannu. Ashe likitan nan yabona ya yi bai sani ba. Na karɓa. Kofi da buta shaida ne ban saki igiya ba, ko da yake Kubura ba za ta so wannan fassarar ba.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Sodangi ya dawo, taɓo har gwiwa, ya bar babur a hayin rafi ya hau motar kasuwa. Ya ce, "An ce mani ka yi ta kukan kewar ubangidanka." Na ce masa ƙarya yake. Ya ce bai ji ba. Ya ji sarai.

Mun gwada da sunan. Komai yana tafiya har "Shamsiyya 'yar", daga nan sai maƙogwaro ya rufe. Wannan ba nauyin harshe ba ne, na san bambancinsu yanzu. Sodangi bai sassauta murya ba, Allah Ya saka masa. Cewa ya yi, "Sunan da ko akuyata ta iya."

Na sa an kira Shehu, ya zo kafin La'asar. Na zaunar da shi a gabana, na buga gwiwa na ce, "Ni. Zan. Ba. Da. Ita."

Ya yi wuƙi-wuƙi. Ya ce, "Yaya, ba raini ba ne wallahi. Mutane za su taru, ga baƙi daga Rimaye. In abin ya ƙi fita a gaban jama'a fa? Kai muke ji mawa."

Na ce ya sa rigarsa ya zauna a damana. Wakilin ango sau uku yake nema. In ya nema sau uku ban bayar ba, Shehu ya bayar, ba zan riƙe shi a zuciya ba. Kafin in gama wannan bayanin shayin da aka kawo masa ya huce, amma ya jira, kuma ya gane. Da zai fita na ga yana share ido da hannun riga. Shi ma Ɗalha yayansa ne. Nakan manta ba ni kaɗai aka yi wa rashin ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma, Mawashi

Mun iso. Gero ya yi kyau bana, ya fi na bara. Mata sun cika gida, ana ta daka, ba mai jin wani. An sauke ni a ɗakin da ke kusa da zaure, na Ɗalha ne a da. Ƙusar da yake rataye rediyo tana nan.

Na leƙa rijiya. Ruwa ya kawo har kusa da baki, da hannu ma sai a ɗiba.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan La'asar

Sunan bai fita ba.

Asabar, 30 ga Agusta, kafin Magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru, tun ban fara ƙara masa gishiri ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida da hantsi. Jama'a sun fi yadda na zata, har bakin hanya, ga mutanen Rimaye a gefe guda da goronsu da alewa. Na sa farar rigata ta ranar rabon kyaututtuka. Shehu yana damana cikin sabuwar rigarsa, wuyan ya sha aiki, ya yi masa kyau. Sodangi ban gan shi kusa ba. Can na hango shi a ƙarshen tabarmi wajen da aka jera babura, nesa fiye da duk inda ya taɓa tsayawa a garka.

Liman ya yi huɗuba. Baffan Zakiyyu ya matso ya nema. Na dafa gwiwa.

"Na ba da auren Shamsiyya 'yar…"

Ya rufe. Na ji wurin ya yi tsit, har kukan awaki a cikin gida ina ji. Baffan yaron ya sunkuyar da kai ya sake nema, karo na biyu. Na sake ɗaukowa daga farko, kowace gaɓa da bugunta, na zo daidai wurin na tsaya. Bakina yana motsi, ba sauti. Gumi ya jiƙa mini hula.

Sai wani dattijo ya ce, "Mun ji, mun shaida." Wasu suka amsa, "Mun shaida, Allah Ya sa albarka." Abin ya bi tabarmi kamar an shirya. Liman, mutumin kirki, ya fara ɗaga hannu zai yi fatiha. Shehu ya sauke numfashi. Za a rufa mini asiri, a tashi, kowa ya ce Malam ya yi ƙoƙari.

Daga can wajen babura murya ta taso, ba da ƙarfi sosai ba.

"Ni ban ji ba."

Aka juya gaba ɗaya. Wani ya ce, "Haba Sodangi, nan ba wurin wasa ba ne."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Shaida aka kira ni, ba kallon baki ba. Ɗiyar wa aka bayar? Shamsiyya da yawa a ƙasar Kusada."

Da akwai buta kusa da ni da ta faɗi har wajen babura. Hannun liman ya tsaya a sama. Baffan yaron ya dubi liman, ya dube ni, sannan ya nema karo na uku. Na ji Shehu ya gyara zama.

Ban dubi kowa ba. Bakin zaure na duba, inda muka tsaya muna naɗe tabarmi ni da shi. Na buga gwiwa sau biyu.

"Ɗal-ha."

Ya fito, kuma ba da muryar gindin mangwaro ba. Tsohuwar muryata ce ta filin makaranta, ta ɗan karkace amma ita ce. Na ce, "Na ba da auren Shamsiyya 'yar Ɗalha. 'Yar ƙanina Ɗalha." Sau ɗaya ake bukata, na sani. Na ƙarasa da Zakiyyu da sadaki, baffansa ya ce ya karɓa, ban ma ji shi sosai ba, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Sodangi ya ce, "To yanzu na ji." Ya zaro waya daga aljihun gaba, ya kara a kunne ya ce, "Ke ma kin ji ko?" Ashe tun da aka zauna wayar a buɗe take, Shamsiyya tana ɗaya gefen a cikin ɗaki.

Aka shafa fatiha. Mutane suka yi ta zuwa suna ba ni hannu. Na riƙe na Shehu na daɗe ban saki ba.

Ɗazu aka kawo ta sallama, a lulluɓe, tana kuka irin na amare da wani kukan daban a ƙarƙashinsa. Na tanadi nasiha tun watanni, mai sassa uku. Ta durƙusa ta ce a hankali, "Na ji, Baba. Haka kake kiranshi, na tuna." Nasihar ta tafi. Na dafa kanta na ce Allah Ya yi mata albarka, kuma ya fita daidai.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi, Kankia

Gidan ya yi faɗi. Jibi asibiti. Na sa an sayo kofi sabo zan kai wa likita, in ce masa da bakina kalmarsa daidai ce, sannan in koya masa inda ake danna ta. Zai jira har in gama, ko ya so ko bai so ba.

Sodangi ya aiko wai a faɗa wa bawansa ya ci gaba da zuwa garka, zai zo ya duba aiki.

Da safe Kubura ta kawo koko, ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ya jiki?" Na ɗauko amsar da na saba, sai na mayar da ita. Na ce da sauƙi.

Ta ajiye kwanon, ta jawo tabarma ta zauna a gabana. Ta ce, "Ban ji ba, Malam. Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta jira har na gama.